Yadda na saka sabon Firefox a Debian tsohon kuma yana nan daram

Ina da ɗan shago a Tudun Wada nan Kaduna, buga takardu nake da fotokwafi da cike wa mutane fom a intanet, abin da muke ci kenan ni da iyalina. Kwamfutar da nake aikin da ita laftof ce tokunbo mai RAM 4GB, da can Windows ce a kanta amma ta yi nauyin da sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo tana nan tana juyi, shi ne ɗan yayata mai karatun kwamfuta ya zo ƙarshen 2023 ya goge ya ɗora min wani tsarin Linux a madadin Windows, Debian 12, wadda suke ce wa bookworm. Tun daga ranar ban sake jin kanta ba, firinta tana aiki, sikana tana aiki, ba ruwana da bairos ɗin filashin mutane. Sai azumin 2025 abin da zan ba da labari ya same ni, kuma na rubuta ne saboda na san akwai masu irin shagona da aka ɗora musu Debian aka tafi aka bar su da ita, kar wani ya yi yawon da na yi.

Wajen goma ga azumi ne da hantsi wani dattijo ya shigo da 'yarsa, wai a cike mata fom ɗin neman aiki, saura kwana uku a rufe. Na buɗe shafin kenan sai ga jan rubutu a sama, wai burauzata, wato Firefox, ta tsufa in sabunta, kuma maɓallin da ake ɗora fasfo ko motsi ya ƙi yi. Na ce Baba ɗan zauna yanzu za a yi. Na buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na buga sudo apt update da sudo apt upgrade, umarnin sabunta manhajoji, kamar yadda yaron ya koya min, ta gama ta ce ba abin da ya rage. Na buga sudo apt install firefox-esr ta ce ai wanda ke kai shi ne mafi sabunta. Na cire esr ɗin na buga firefox kawai, ta ce ba ta da wannan fakitin sam. Na duba lambar nawa na ga 128, na ɗauko waya na duba shafin Mozilla masu yin Firefox na ga su suna 136. To ni a lissafina na ɗan kasuwa an bar ni a baya da takwas, kuma kwamfuta tana rantsuwa wai ba a bar ni ba. Dattijon nan ya fi awa a kan benci yana jan carbi, daga ƙarshe ya ce “ɗana in ba zai yiwu ba ka faɗa min in gwada gaba”, na ji kunya wallahi, na roƙe shi ya bar takardun ya dawo jibi da safe.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya yaron ya warware min, Firefox iri biyu ne. Akwai na kowa da kowa wanda a lokacin lambarsa ke canzawa duk bayan mako huɗu, akwai kuma ESR wanda ake riƙe lamba ɗaya kusan shekara guda ana ta toshe masa ɓarakar tsaro ba tare da an sauya masa kama ba. Debian ta zaman lafiya, wato stable, ESR kaɗai take rabawa, don haka 128 ɗina ba wai an yasar da shi ba ne, ana kula da shi sarai. A cikin makon nan ma Mozilla na ta gargaɗi cewa wata takardar shaidar tsaro za ta ƙare ranar 14 ga Maris 2025, masu ƙasa da 128 ne abin zai shafa sai 'yan ESR 115 da ba su sabunta ba, nawa ya tsira. Shafin fom ɗin ne kawai yake kallon lamba ya yanke hukunci. Amma me wannan bayanin zai tsinana wa yarinyar da ake rufe wa fom nan da kwana uku.

Yaron yana makaranta a Zariya, na kira wayarsa a kashe. Da azahar na rufe shago na sa laftof a jaka na hau keke zuwa wajen masu gyaran kwamfuta ta Ahmadu Bello Way, rana tana dukan mutum ga ƙishi. Shagon da aka nuna min mutum biyar ne a gabana, na zauna tun ƙarfe biyu har aka kira la'asar, muka yi salla muka dawo sannan aka zo kaina. Mai gyaran ya buɗe ya ga fuskar da bai saba gani ba, ya ɗan zagaya da linzami ya rasa inda zai dafa, sai ya ce “Oga wannan ai ba Windows ba ce, a goge kawai a sa maka Windows da Chrome, dubu biyar, gobe ka karɓa”. Na ce takarduna fa da firinta? Ya ce za a kwashe a filashi. Ban ga laifinsa ba, abin da ya iya ya faɗa, amma ni goge kwamfuta ɗungurungum saboda burauza ɗaya ya yi min kama da rushe ɗaki don an ga kyankyaso. Na ba shi ɗari biyar na dubawa na fito, kuɗin keke zuwa da dawowa ya ci wata ɗari shida, yinin ranar kuma ya tafi a banza.

Bayan an sha ruwa na jefa tambayar a wani gurup namu na masu shagon intanet a WhatsApp. Nan take wani ya ce abu mai sauƙi, sabon Firefox yana cikin wani reshen Debian mai suna sid, in buɗe /etc/apt/sources.list in ƙara layi irin na bookworm amma in sa sid a madadinsa. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren, fakitin mai suna firefox yana can. Na ƙara layin na yi update, sai apt ya ce akwai ɗaruruwan fakiti da ke jiran sabuntawa, ni da ɗazu aka ce min ba ko ɗaya. Na buga install firefox, ya jero min abubuwan da zai taɓa, sunaye cunkus, yana tambaya Y ko n. Yatsana na kan Y ɗin Allah ya sa yaron ya kira, ya ga kirana na rana. Na karanta masa abin da ke allo, ina zuwa kan libc6 ya katse ni, “Kawu don girman Allah kar ka danna, danna n, n ƙarama!” Ya ce libc6 ɗin nan kusan duk manhajar da ke kan kwamfutar a kanta take tsaye, sid kuma ita ce Debian da ba a gama gwadawa ba, kullum cikin canji take, in na bari suka cakuɗu to na haɗa abin da su 'yan Debian da kansu suke kira FrankenDebian, rabi nan rabi can, kuma komawa baya ba a cika samunsa cikin sauƙi ba. Ya tsaya a waya har na goge layin na sake update adadin nan ya ɓace. Sai a lokacin na lura shayina ya huce ban kurɓa ba.

Shi ne ya ce hanyar da za mu bi ba za ta taɓa kayan Debian ba ko kaɗan, za mu ɗauko Firefox daga wajen Mozilla a dunƙule mu ajiye shi a ɗakinsa daban. Amma kafin komai ya sa ni rufe burauza in buga cp -a ~/.mozilla ~/mozilla-ajiya, na ce na mene ne wannan kuma, ya ce Kawu kai dai yi. Na yi ina gunaguni. Saukewar na bari sai bayan tarawi da na sayi datar dare, fayil ɗin bai kai megabait 100 ba amma netwok ɗin unguwarmu ya sa ya zama aiki, ya kai wajen rabi ya tsinke, na sake ya tsinke, ana cikin haka aka ɗauke wuta ga batirin laftof ɗin ba ya wuce minti arba'in. Na tura masa saƙo ya ce in bar saukewa ta burauza, in kwafi adireshin fayil ɗin in ba wa wget -c, wannan c ɗin ita ke sa ya ci gaba daga inda ya tsaya maimakon ya koma farko. Da wuta ta dawo wajen ƙarfe ɗaya haka na yi, sau biyu yana yankewa ina maimaita umarnin yana ɗorawa, har ya cika.

Wajen kwance shi ma na yi tuntuɓe. Bayanin da na samu a intanet tsoho ne, ya ce tar xjf, na buga ta yi min ƙorafi wai wannan ba bzip2 ba ne. Ashe daga Firefox 135 Mozilla sun bar tar.bz2 sun koma tar.xz, kuma in ka buga tar xf kawai da sunan fayil ɗin ita da kanta take gane irinsa. Folda ta fito mai suna firefox, na kwafa ta da sudo cp -r firefox /opt, sannan sudo ln -s /opt/firefox/firefox /usr/local/bin/firefox don in na kira sunansa a taminal ya amsa. Ku riƙe wannan layin na ƙarshe, zai dawo ya cije ni a gaba. A menu kuwa babu shi, don ba wanda ya gaya wa menu an yi baƙo, sai da na rubuta ɗan fayil a ~/.local/share/applications mai ƙarewa da .desktop, na sa masa suna Firefox Sabo, layin Exec ya nuna /opt/firefox/firefox %u, hoton kuma yana cikin foldar a browser/chrome/icons/default/default128.png. Sai ga su biyu a jere, Firefox ESR da Firefox Sabo.

Na danna sabon ya buɗe, 136, na ce alhamdulillahi. Murnar ba ta yi minti ɗaya ba. Burauzar fayau take kamar sabon gida, babu shafukan da na adana, babu tarihin komai, babu kalmar sirri ko ɗaya, kuma ni shekara da wani abu ina tara adireshin shafukan makarantu da na hukumomi da lambobin shiga na shagon a ciki, wasu ko a takarda ban rubuta ba. Gabana ya faɗi, na ce shikenan na goge. Ƙarfe biyu saura na dare ba zan tashi yaro ba, sai na shiga bincike da kaina, na ga ana cewa firefox -P yana nuna furofayil, wato foldar da burauza ke ajiye kayan mai amfani da ita, na buga na ga guda biyu, ɗaya default-esr ɗaya default-release. Na zaɓi na esr ɗin da sabon Firefox, komai ya dawo, na ji ni gwani na je na kwanta. Da sahur na ce bari in leƙa tsohon in tabbatar yana nan, sai ya ƙi buɗewa, ya fito da gargaɗi wai na kunna tsohon Firefox a kan furofayil da sabo ya riga ya taɓa, zaɓi biyu kawai, in buɗe sabon furofayil ko in fita.

Da gari ya waye yaron ya yi dariya har na ji haushi, ya ce tun daga Firefox 67 kowane Firefox da aka girka a wuri daban furofayil ɗinsa daban yake buɗewa, da gangan aka yi haka, ba abin da ya ɓace tun farko, tsohon yana riƙe da kayansa sabon kuma ya fara da nasa. Ni ne na haɗa su, kuma in sabo ya shiga furofayil yakan sauya tsarin fayilolin ciki, tsoho kuma ba ya yarda ya koma ciki don kar ya lalata. Nan ajiyar da na yi ina gunaguni ta yi rana. Muka rufe burauza duka biyu, na goge foldar default-esr da ta taɓu na dawo da ta cikin mozilla-ajiya, tsohon ya buɗe lafiya lau. Sannan muka yi abin da ya kamata in yi tun daren, kwafa maimakon haɗawa: places.sqlite shi ke riƙe da shafukan da aka adana da tarihi, logins.json da key4.db su ne kalmomin sirri kuma tare suke tafiya, in ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya ba abin da zai buɗu don makullin yana cikin key4.db. Na zuba su ukun a foldar default-release, na kunna sabon, komai ya bayyana.

Dattijon ya dawo ranar da muka yi, jan rubutun babu shi, fasfo ya hau, muka biya aka fitar da silif, duka bai fi minti ashirin ba. Ya sa min albarka ya ce ai ya san za a yi. Ban gaya masa komai ba.

Na ɗauka an gama, sai bayan ƙaramar salla da 137 ya fito farkon Afrilu, sabon ya fara nuna min cewa akwai sabuntawa amma ba zai iya da kansa ba, in je in sauke. Dalili /opt na root ne, wato asusun mai cikakken iko a kwamfutar, ni kuma da sunana nake buɗe burauzar, ba ta da ikon rubutu a inda take zaune, apt kuma bai san da zamanta ba balle ya kula da ita. Wato duk mako huɗu sai in sake saukewa in kwance in tura, kuma na san halina, zan yi sau ɗaya in manta, burauzar da ake shiga banki da ita kuwa ba a barinta haka. Da yaron ya zo hutun salla ya zauna a shagon ya ce daman akwai hanyar da ta fi, tun Janairun 2024 da Firefox 122 ya fito Mozilla suka buɗe rumbunsu na apt don Debian da danginta, a daren nan ne bai so ya sa ni taɓa sources ta waya bayan abin da ya faru da sid. Bambancinsa da sid shi ne wannan rumbun kayan Mozilla ne zalla a ciki, ba libc6 ba komai na gindin kwamfuta, kuma an gina shi ya hau kan stable yadda take.

Yadda muka yi, ya sauke makullin sa hannunsu daga packages.mozilla.org ya ajiye a /etc/apt/keyrings, ya sa ni na riƙe waya ina karanto masa zanen yatsan makullin daga shafin taimakon Mozilla yana dubawa a allo harafi bayan harafi, yana farawa da 35BAA0B3 yana ƙarewa da DC6315A3, na ce wannan kuma ai wahalar da kai ne, ya ce Kawu duk wanda ka ba wa wannan ƙofar ka ba shi kwamfutar gaba ɗaya. Sannan layi ɗaya a fayil ɗinsa daban, /etc/apt/sources.list.d/mozilla.list, ba a cikin babban ba, don in an so cirewa a goge fayil ɗaya a huta. Inda ya tsaya ya yi tunani shi ne matakin fifiko. Bayanin Mozilla ya ce a ba duk abin da ya fito daga rumbunsu lamba 1000, to amma su ma suna da fakiti mai suna firefox-esr, in ka bi haka ido rufe apt zai ɗauke na Debian ya sa nasu. Ba wai nasu yana da aibu ba ne, ni dai so nake tsohon ya zauna yadda Debian ta ba ni shi. Sai ya rubuta akasin haka a /etc/apt/preferences.d/mozilla, ya ce firefox-esr in daga packages.mozilla.org ne a ba shi -1, ma'ana kar a taɓa ɗaukarsa. Ya buga apt policy firefox-esr muka ga na Debian ne zaɓaɓɓe, sannan sudo apt install firefox, wannan karon fakiti ɗaya tal ya nuna, na danna Y da hannuna.

Sai ga cizon da na ce. Na buga firefox a taminal, 136 ya fito, alhali yanzu muka girka 137. Muka kalli juna. Ya buga which firefox sai ga /usr/local/bin/firefox, igiyar nan da na ɗaura a daren azumi, ita ake fara dubawa kafin /usr/bin. Muka goge ta, muka goge /opt/firefox da ɗan fayil ɗin menu da na rubuta. Sabon ya buɗe, fayau kuma, karo na biyu, don wurin zamansa ya canza. Wannan karon ko gezau, na shiga about:profiles na zaɓi default-release na mai da shi na dindindin, tunda daga 136 zuwa 137 gaba aka yi ba baya ba.

Da za a mayar da ni ranar farko, ajiyar ~/.mozilla zan fara yi, in wuce kai tsaye zuwa rumbun Mozilla, in bar kowace burauza da furofayil ɗinta in kwafa fayiloli ukun nan, aikin da bai fi rabin awa ba in netwok ya yarda. Kuma in apt ya jero maka sunaye masu yawa alhali abu ɗaya ka nema, karanta su kafin ka amsa, n ba ta ɓata komai. Yaron ya ce akwai wata hanyar girka manhaja mai suna Flatpak ma, amma karon farko sai ya jawo wasu kayan gindi masu ɗaruruwan megabait, da datar da nake saya ban ga dalili ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da ya ce ai da na buga sudo apt install chromium, wata burauza daban, a ranar da dattijon ke zaune wataƙila da an cike fom ɗin nan take, don Chromium na Debian yana bin sabuwar lamba, yana cikin rumbun da nake da shi tun farko. Na ce to me ya hana ka faɗa a waya, ya ce Kawu Firefox ka tambaye ni.

Yanzu dai su biyun suna nan a menu, apt upgrade ɗaya yake sabunta su tare. Sabon nake buɗe wa kwastomomi, tsohon kuma akwai wani shafin biyan kuɗin makaranta da ban san dalili ba a kansa kaɗai yake fitar da rasit daidai, a sabon sai layin ƙasa ya yanke, don haka duk farkon zango shi nake kunnawa. Foldar mozilla-ajiya ma tana nan ban goge ba, na ƙara kwafa ta a filashi na jefa a durowar da nake ajiye canji.